Rijiyar Sumayya da wayar da ke hannuna

1/
Jiya da daddare gardama ta kaure a ɗakinmu na makaranta kan fina-finan Hausa na da. Wani abokina ya ce wai In Da So Da Ƙauna ba komai ba ne illa Indiya da aka ɗaura wa ɗankwali. Ban tanka ba, bakina cike da garau-garau. Yau na ƙoshi, ga amsata. Zaren da tsawo, mai ƙaramar data ya yafe ni 🧵

2/
In fara da gaskiya: ba a haife ni ba sadda aka yi fim ɗin. A 1994 aka yi shi a Kano. Ni kuwa ɗan Geza ne, ƙasar Bagudo, inda in ka ƙara gaba kaɗan za ka ji ana ciniki da sefa. Amma fim ɗin ya riga ni shiga gidanmu, kuma ga alama har yau bai fita ba. Za ku gane nufina can ƙasa.

3/
Ga waɗanda ba su san shi ba. Asalinsa littafi ne na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya fito wajen 1990. Sumayya 'yar masu hali ce. Ta ga Muhammad, talaka mai ilimi da natsuwa, ta ce shi take so. Ku lura fa, ita ta fara nunawa. A wancan zamani wannan kaɗai ya isa a yi wa marubuci taron dangi.

4/
Sai ga Abdulƙadir, saurayi mai kuɗi. Sumayya ta ce ba ta yi. Da ya ga ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa, sai ya zagaya ta baya, wajen kakarta. Ya yi ta kai wa tsohuwa abin duniya. Tsohuwa ta tasa iyayen yarinya gaba: ko a ba shi, ko ta yi baki. Aka rasa mai cewa a'a. Sumayya ta faɗa rijiya.

5/
An ciro ta da rai, kada wani ya fara hawaye a nan. Amma rijiyar nan ita ta zama abin faɗa. Masu suka suka ce littafin zai koya wa 'yan mata taurin kai da hallaka kai. Masu karatu kuwa suka yi ta saye, ana ta sake bugawa, har aka fassara shi da Turanci.

6/
Ku tuna lokacin da ya fito. Tattalin arziki ya durƙushe bayan SAP ɗin Babangida na 1986. Manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya, ta littattafai fa, ba ta mai ba 😅, sun ja baya da buga ƙagaggun labarai. Sai matasa suka ce to mu buga abinmu. Ka rubuta, ka tara kuɗi, ka kai maɗaba'a, ka kai kasuwa da kanka.

7/
Haka ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta tashi a Kano, su Ado da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa. Sunan ma kansa martani ne. Ado bai bi firamare irin tamu ba, a makarantar manya ta dare ya kama boko. Mutanen da aka raina su ne suka sa mata dubbai karatun Hausa.

8/
Malaman jami'a suka kasu biyu. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, kuma ba da yabo ba. Su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya kare shi. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja a jaridu. Mu yanzu muna haddace ta don jarrabawa, su kuwa da gaske suke faɗan.

9/
Ta ɓangaren fim, harkar ko tafiya ba ta fara ba, rarrafe take. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ya fito, shi ake lissafawa a matsayin na farko da ya shiga kasuwa a kaset. Kalmar Kannywood ma babu ita, sai a 1999 ta ɓullo a mujallar Tauraruwa.

10/
Ba shi ne farkon littafin Hausa da ya zama fim ba, kada masana su cinye ni. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma wancan aikin hukuma ne, da manyan na'urori, labarin zamanin bauta, littafin Firayim Minista. Wa zai zage ka don ka yi fim ɗinsa?

11/
Na Ado daban ne. Marubuci ne da kansa ya ɗauki labarin da ake zaginsa a kai, ya ce bari in ƙara muku, yanzu da ido za ku gani. Ba gwamnati a bayansa, ba banki. Wannan shi ne abin da nake so abokina ya tsaya ya auna kafin ya buɗe baki.

12/
Don a takarda komai arha ne. Kana son gidan attajiri? Layi biyu, ka gina shi har da bene. Kana son mota? Ka rubuta ta. A gaban kyamara kuwa sai ka je ka durƙusa wa mai gidan ya ara maka falonsa na awa uku, matarsa tana tsaye tana harararku kada a taka mata kafet.

13/
Mota ta aro, kaya na aro, wani lokaci agogon hannun jarumi ma na aro. Kyamara ɗaya, irin wadda ake ɗaukar biki da suna. Ana tsakiyar maganar soyayya zakara ya yi cara, ko ɗan acaɓa ya wuce, duk su shige cikin kaset. NEPA ta ɗauke, a zauna jira. Haka ake fim a Kano a shekarun nan.

14/
Amma duk wannan ƙaramar wahala ce. Babbar ita ce Sumayya. A littafi ba ta da uba na gaske, ba ta da unguwa, ba mai ƙin aurenta gobe. A fim sai ka sami yarinya mai rai, mai dangi, wadda za ta tsaya a gaban duniya ta ce wa namiji tana sonsa, ta ce wa manya a'a.

15/
A lokacin da mutane da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba. Wadda ta fito a mara kunya, mara kunya ce har a kasuwa. Duk matan da suka yarda suka tsaya gaban kyamara a farkon shekarun 1990 sun biya wani kuɗi da ba a rubuta shi a kwalin kaset ba. Ni ina cire masu hula.

16/
In an gama ɗauka, sai haɗawa. Kaset zuwa kaset, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafin sai hoto ya ƙara dushewa, murya ta ƙara shaƙewa. Ba kamar yanzu ba da za ka tura fim sau dubu a waya yana nan yadda yake.

17/
Sai kasuwa. Tsarin da ya kafu a Ƙofar Wambai shi ne mai fim ya buga kwali, ya sayar wa 'yan kasuwa kwalin, su kuma su gurza kaset ɗin da kansu su zura a ciki. Wato ribarka tana kan takarda, ba kan fim ba. Wanda ya gurza ba kwali ya ci bulus. Da haka aka gina masana'antar nan.

18/
To me ya sa duk da wannan wahala nake cewa mayar da littafin fim ya fi rubuta shi nauyi? Saboda wanda zai gani.

19/
Littafin soyayya abin ɓoyo ne. Ƙarƙashin matashi yake kwana. Cikin jakar Islamiyya yake tafiya, an sa masa bangon wani littafin. Mai karanta shi yarinya ce ita kaɗai, ko ita da ƙawarta. Ta yi kukanta ta share, ta fito ta ɗora tukunya. Baban da ya yanke hukunci bai ma san an yi ba.

20/
Silima kuma ta maza ce, mazan ma ba kowane ba. A Kano tun gobarar El Duniya ta 1951 da ma kafin ta, gidan silima bai taɓa samun sunan kirki ba. Matar aure ba ta zuwa. Dattijo ba ya zuwa. Indiya ta yi ta rawarta a can cikin duhu, ba ta dami zauren kowa ba.

21/
Kaset shi ya rushe wannan katanga. Ana kunna shi tsakar gida, uba na nan, uwa na nan, kaka na nan, yarinyar da ake shirin yi wa abin tana nan zaune bayan kowa. Kuma da Hausa ake maganar, ba mai cewa ai al'adar wasu ce. Maganar da ke ƙarƙashin matashi ta fito ta zauna kan tabarma.

22/
Nan zan kawo Gwaggona, ƙanwar babana. Ba ta yi boko ba. Littafin ma da kunne ta karanta shi: wata ƙawarta da ke makarantar kwana ita ke zuwa da shi hutu, su kunna aci-balbal bayan isha, tana karantawa su huɗu suna saurare. Ta ce sai da suka zagaye shi sau uku.

23/
Bayan shekara biyu ko uku da fitowar fim ɗin, wani maƙwabcinmu mai fatauci zuwa Malanbil ya sayo talabijin da bidiyo da ɗan janareto. Kaset ɗin ya biyo hannu-hannu daga Kano ta Jega har ya iso. Kwafin kwafin kwafi. Gwaggo ta ce fuskokin kamar ana kallonsu cikin hazon hunturu.

24/
Da sallah aka kunna. Maza a gaba kan benci, mata a baya jikin zana, yara ko'ina. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin na gaba. A lokacin ya riga ya karɓi kayan wani mutum da ke neman Gwaggo, ita kuma ba ta son ko jin sunansa. Kowa a wurin ya san da haka.

25/
Da aka fara nuna yadda mai kuɗi ke bi ta hannun tsofaffi, wuri ya ɗauki dariya. Har ana kiran sunan wata tsohuwa ta garinmu, ana cewa ga ki nan an sa a talabijin. Da labari ya kai inda aka ƙure Sumayya har ta fid da rai da duniya, sai dariya ta ɗauke. Janareto kaɗai ake ji.

26/
Ga yadda Gwaggo ta faɗa mani, da bakinta: "Baba yat tashi, yaɗ ɗauki takalmanai ga hannu, yah hita bai ce ma kowa komi ba. Ni ko ina bayan zana ina kallo nai. Ran nan na hwara ganin Baba ya ji kumya."

27/
Na ce to Gwaggo, sai aka fasa? Ta yi dariya. "Kai yaro, wane hwasawa? An amshi kayan mutane. Da kaka ta yi anka kai ni." Ta zauna shekara huɗu. Amma da zaman ya ƙi, ba aike kakana ya yi ba, da ƙafarsa ya je ya ɗauko ta. Ƙannenta mata biyu kuwa, kowace sai da aka tambaye ta.

28/
Ban ce fim ne ya yi wannan shi kaɗai ba. Shekara huɗun Gwaggo sun fi kowane kaset wa'azi. Amma ita ta yi imani tun daren nan abin ya fara cinsa, kuma ita ta san ubanta, ba ni ba. Littafin ya sa ta kuka sau uku bai taɓa shi ba. Fim ɗin dare ɗaya ya tashe shi daga benci.

29/
Yanzu mu dawo kan maganar Indiya, don ba na son a ce na gudu. E, akwai tasirinta. Wanda ya ce babu ya yi ƙarya. Tun wajen shekarun 1960 ake nuna finafinan Indiya a Arewa, daga baya talabijin ta kai su har ɗaka. Marubutan nan da su suka tashi. Ba daga sama suka faɗo ba.

30/
Wani mai nazarin al'umma, Brian Larkin, ya zauna Kano ya yi rubutu a 1997 kan wannan alaƙa, kuma littafin Ado na cikin waɗanda ya tattauna. Abin da na fahimta daga gare shi: Indiya ta ba matasanmu hanyar yin magana kan abin da ke damunsu. Ciwon namu ne, salon kukan ne aka aro.

31/
Don Allah wa ya koya wa kakanninmu auren dole, Amitabh? Balaraba Ramat da kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta sha faɗa a hirarraki. Sai daga baya ta koma karatun manya ta zama marubuciya. Ita ma Indiya ta kwaikwaya da aka aurar da ita?

32/
Kuma ku dubi inda Ado ya ajiye mugun ƙulli. Ba wani azzalumin baƙo mai gashin baki ba. Kaka. Wadda ta goya ka, ta ɓoye maka ƙosai. Makaminta kuma ba bindiga ba, baki. Tsoron bakin uwa da ke sa dattijo mai gemu ya zama yaro. Wannan ba a Bombay aka samo shi ba, a ɗakin tsohuwar kowannenmu yake.

33/
Ko a fiƙihun Malikiyya da muke bi, inda aka yi maganar ikon tilastawa, uba aka ba, da sharuɗɗansa. Ba a ba kaka ba, ba a ba mai kawo buhun shinkafa ba. Amma je ka faɗa wa tsohuwa haka ka ga.

34/
Abin dariya ma, littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, da aka fassara da Turanci, wani kamfani ne na Chennai mai suna Blaft ya buga shi a 2012. Indiyawan da ake cewa mun kwafa, su suka zo suna neman namu su karanta.

35/
Inda abokina ke da gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. A shekarun 1990 hanyar littafi zuwa fim ta fara kafuwa: Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, Alhaki Kwikwiyo daga littafin Balaraba. Sai Sangaya ta zo a 1999 ta yi kasuwar da ba a taɓa gani ba.

36/
Ba laifin Sangaya ba ne, ni ma ina son ta. Laifin masu ganin abu ya karɓu su ce shi ke nan an gano sirri. Aka koma waƙa farko, labari daga baya. In labari ya gagara, a ɗauko kaset ɗin Indiya a canja sunaye. A nan ne aka ɗaura wa Indiya ɗankwalin da gaske, ba a 1994 ba.

37/
Abin da aka yar a hanya shi ne wannan: littafin da ya yi kasuwa labari ne da aka riga aka gwada. Marubutan nan suna sa adireshinsu a littafi, masu karatu su rubuto wasiƙa, su yaba, su zaga, su ce kaza bai yi ba. Kafin a kunna kyamara, labarin ya bi ta hannun mata dubbai.

38/
Wane furodusa ne yau ke da irin wannan gwaji? Ana fara shiri mai dogon zango, labari ya ƙare a kashi na 12, a ja shi zuwa na 80 da kallon-kallo da kiɗan tashin hankali. Ba duka ba, akwai masu ƙoƙari, kada a zo mani da faɗa. Amma kun san abin da nake faɗa.

39/
Alhali marubuta ba su ƙare ba, sun ma fi da yawa. Suna WhatsApp da Wattpad, mata na biyan kuɗi su shiga rukunin karatu. Ana karanta littattafai da murya a YouTube, Gwaggo ma yanzu can take saurare. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata masu alƙalami. Ga rijiya cike, ana sayen ruwan leda.

40/
Wani abin takaici a gefe: Shehu Umar an gyara shi tas, har an nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Kaset-kaset ɗin shekarun 1990 kuwa, waɗanda talakawa suka yi da kuɗin aljihunsu, da yawa suna can fumfuna da zafi na cin su a shaguna da akwatuna. Kaset ba ya jiran kowa.

41/
To, na yabi fim ɗin ya isa. Ga inda nake da ƙorafi da labarin, kuma nan ne ainihin abin da ya hana ni barci, ba gardamar ɗaki ba.

42/
Don mu tausaya wa Sumayya, sai da aka ba ta Muhammad. Kuma ba kowane Muhammad ba, wanda ba shi da aibi ko na ƙwayar gero. Wato a'arta ba ta isa ita kaɗai ba, sai an jingina ta da wani namijin da ya fi wancan kirki. Sannan ba a saurare ta ba sai da ta kai bakin mutuwa.

43/
Na san a 1990 iyakar abin da za a iya faɗa ke nan, kuma ko shi an sha zagi. Ba na ɗora wa Ado laifin zamaninsa. Amma yarinyar da ba ta da wani Muhammad fa? Wadda kawai ba ta so? Wadda ba za ta faɗa rijiyar kowa ba, za ta yi shiru ne a kai ta?

44/
Ƙanwata ke nan. Bara ta gama sakandare. Ba ta da saurayi, ko ɗaya. Makarantar koyon jinya take so, tun tana aji uku take faɗa. Akwai wani Alhaji mai harkar iyaka da ya gan ta a wani biki. Ta ce ba ta yi. Bai sake yi mata magana ba. Kun san ƙofar da ya bi.

45/
Kakarmu. Matar mutumin nan da ya ɗauki takalmansa a hannu. Ita ma tana wurin a daren, Gwaggo ta ce tana cikin masu dariya da kiran sunan wata. Yau ɗakinta akwai sabuwar katifa da fanka mai sola da buhu biyu a bayan ƙofa. Babana kuwa in ta yi magana ƙasa yake kallo.

46/
Ina son tsohuwar nan, ku gane. Maigida take ce mani, ni in ce mata amarya. Da na yi mata zancen da wasa, sai ta daina dariya ta ce: "Maigida, yunwa ba ka san ta ba. Ni na san ta. Ɗiyar ga in ta shiga gidan nan ba ta kwana da ita." Ba mugunta ba ce. Shi ya sa abin ya fi wuya.

47/
Yanzu ga wadda ta fi ci mani rai. Wayar nan da nake rubuta maku wannan zare da ita, shi ya saya mani. Farkon zangon nan aka aiko mani da ita, wai kyautar ɗalibi. Na karɓa, na yi godiya, har da addu'a. Na san dalilin kyautar sarai. Na ce wa kaina ai ni ban yi alkawarin komai ba.

48/
Tun daga ranar ban sake cewa uffan a kan maganar ba. Ƙanwata ta kira ni sau biyu, ta ce Yaya kai ne mai boko, ka yi wa Baba magana. Na ce ta bari in gama jarrabawa. Wata uku ke nan. Jiya ina ta kare Sumayya a raina, ina jin haushin abokina, sai na duba hannuna.

49/
Ashe a labarin nan ni ba Muhammad ba ne, ba ma ɗan kallo ba ne. Ina layin waɗanda aka kai wa kaya. Abdulƙadir na yanzu ya waye, ba kaka kaɗai yake bi ba, har da yayan da ke jami'a yana rubuta dogon zare kan 'yancin mata.

50/
Ranar Asabar za a zauna a gida kan maganar, baffanni za su zo. Gwaggo ta kira ni ɗazu. Ta ce ita za ta yi magana ko za a kore ta, shekara huɗunta ba a banza ta yi su ba. Ta ce: "Kai kuma in ka zo, ka zo da bakinka. In ba ka iyawa, zamna makaranta."

51/
Na sayi tikitin mota, Juma'a da asuba zan kama hanya. Wayar na goge hotunana, na nemo kwalinta, ta hannun wanda ya kawo ta za ta koma. Ban san yadda tsohuwa za ta ɗauka ba, kuma ban taɓa musa wa babana magana a gaban mutane ba. Gwiwata na rawa tun yanzu, ba zan ɓoye maku ba.

52/
Roƙo biyu. Duk mai kwafin In Da So Da Ƙauna na 1994 da ake iya gane fuska, don Allah ya turo mani kafin daren Alhamis in zuba a kati. Akwai mai talabijin da sola kusa da gidanmu, ina so a kunna daren Juma'a, kuma tsohuwa zan sa wa kujera a gaba.

53/
Na biyu, in kun ji ni shiru daga Asabar, lafiya lau, waya ce babu. Mai tsohuwar Tecno da ba ya amfani da ita, ko fuskarta ta tsage, ya yi mani magana ta akwatin saƙo kafin jibi.